Yadda na zaga Tokyo da sassafe a 'yar motar da ba ta kai gwiwa ba

Masu ta tambayata a kan hoton nan da aka gan ni zaune a wata 'yar mitsitsiyar mota, ga ƙatuwar bas a tsaye a gefena, to ba haɗi ba ne kuma ba filin wasa ba ne, titi ne na gaske a tsakiyar Tokyo babban birnin Japan, wata Lahadi da sassafe cikin watan Nuwamba. Go-kart ake ce mata. Bari in ba ku labarin tun daga tushe tunda wasu sun ce suna da niyyar zuwa, don akwai abin da in ba ka shiryo shi tun daga gida ba to kuɗinka ne kawai zai tafi a banza.

Ni a Ingila nake aiki, abin da ya kai ni Japan kuwa ziyarar ƙanina ne, ɗan baffana da yake karatu a can. Tun kafin in taso na gaya masa ina so in hau motocin nan da nake gani a bidiyo, sai ya yi dariya ya ce "Yaya kai ma? Ai 'yan gari haushin masu hawan nan suke ji." Na ce to su ji, ni dai sai na ɗana. Shi ba shi da lasin tuƙi ma balle ya raka ni, amma shi ne ya fara ankarar da ni maganar takarda, Allah ya saka masa.

Maganar takardar ita ce gaba da komai, don haka zan ɗan daɗe a kanta. A dokar Japan wannan 'yar abar mota ce, tana da lamba, tana da inshora, kuma ba za ka hau titi da ita ba sai da lasin da ƙasar ta yarda da shi. Lasin ƙasarka shi kaɗai ba ya yi. Sai ka haɗa da littafin nan na izinin tuƙi na ƙasa da ƙasa, kuma shi ma ba kowanne ba, dole ya zama na yarjejeniyar Geneva ta 1949. Akwai wani na yarjejeniyar Vienna ta 1968 wanda ƙasashe da yawa ke bayarwa, to Japan ba ta cikin wannan, ko ka kawo shi sabo fil ba za su kalle shi ba. Ka duba bangon littafin da idonka ka ga an rubuta 19 ga Satumba 1949. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar ta 1949, amma abin da ma'aikacin shagon zai duba shi ne littafin da ke hannunka, irinsa ne ko ba irinsa ba. Katin robar nan da wasu shafuka ke sayarwa a intanet wai lasin duniya, su turo maka cikin minti goma, wannan kam asarar kuɗi ce. Mutanen Faransa da Jamus da Siwizalan da Beljiyam da Monako da Taiwan su tsarinsu daban ne, lasin ƙasarsu suke kawowa tare da fassararsa zuwa Japananci daga hukumar da aka amince da ita.

Ni da yake lasin Ingila gare ni abin bai ba ni wuya ba. Da can a gidan waya ake yi, amma tun Afrilun 2024 aka mayar da shi shagunan da ke da PayPoint, wato na'urar biyan kuɗin wuta da makamantansu, sai na je wani shagon unguwa da lasina da hoton fasfo guda, na biya fam 5.50, mai shagon ya tambaye ni wace ƙasa, na ce Japan, na kuma nanata masa na 1949 nake so don kala uku ne da su, ya cike da biro ya manna hoto ya buga hatimi, shi ke nan. Shekara ɗaya yake yi. Wani ɗan littafi ne da in ka gan shi ba za ka ba shi wata daraja ba, amma da shi da lasinka na asali da fasfo ɗinka, ukun nan sai ka zo da su a hannu, hotonsu a waya ba ya yi.

Da na zo yin bukin a intanet sai na ga yawancin mutane dare suke so saboda fitilun gari, har kuɗin na dare ya fi. Ni na zaɓi fitar farko ta safe ranar Lahadi, dalilina kuwa guda ne, ban san garin ba, ban san motar ba, ban ga abin da zai sa in haɗa wa kaina duhu da cunkoso a lokaci ɗaya ba. Abin da na biya ya ɗan haura yen 15,000, ba araha ba gaskiya, in ka juya shi zuwa naira ma sai ka fasa.

Ranar kuwa asuba ta yi kafin ƙarfe biyar, na yi sallah na saka riga biyu da jaket, muka fito da ƙanina gari bai gama wayewa ba. Jiragen ƙasa na Tokyo ba sa kwana suna aiki, wajen biyar suke farawa, muka shiga na layin Yamanote ba kowa sai tsirarun da suka kwana a waje suna ta gyangyaɗi. A wani shagon Lawson na sayi dunƙulen shinkafar nan mai kifi a ciki da suke ce wa onigiri da gahawa mai zafi, na ci a tsaye a bakin shagon don ƙanina ya ce ba a cika tafiya ana ci ba a nan, kuma kwandon shara a titi wuyar samu gare shi. Shagon motocin yana yankin Shinagawa, cikin wani lungu, gareji ne kawai mai ƙofar ƙarfe, ga motocin a jere jajaye an ɗaura wa kowacce doguwar sanda a baya mai fitila a samanta.

Mu bakwai muka zo, shida muka fita. Wani saurayi Bature da ya zo da budurwarsa ya miƙa littafinsa, yarinyar da ke karɓar baƙi a shagon ta juya bangon ta nuna masa 1968 da yatsa, ta rusuna ta ba shi haƙuri, ya yi magiya ya ce shekara kaza yana tuƙi, ta sake rusunawa ta sake ba shi haƙuri, murmushin fuskarta bai ragu ba kuma amsar ba ta canza ba. Kuɗinsa ma ba a mayar masa ba don an rubuta hakan tun a wurin bukin. Ita budurwar da yake nata lasin na wata ƙasa ne daban kuma littafinta ya yi daidai, sai ta ce ita kam za ta hau, ya jira ta. Na tausaya masa amma sai da na danne dariya, don yadda ya tsaya riƙe da jakarta yana kallonmu abin ba a cewa komai. A zuciyata na ce da a gida ne da tuni an ja shi gefe an ce yallaɓai ya za a yi, a nan kuwa babu ya za a yi.

Daga nan sai sa hannu a takardu. Akwai inshora a cikin kuɗin, amma in ka buga motar akwai wani kaso da za ka biya daga aljihunka, in kana so a ɗauke maka shi sai ka ƙara ɗan wani abu, na ƙara ba tare da dogon tunani ba. Aka kunna mana bidiyon ƙa'idoji: ba tsere, ba wuce na gabanka, ba riƙe waya a hannu kana tuƙi ko da a danja ne, ba sauka daga mota sai jagora ya ce, ba jifan juna da ɓawon ayaba. Wannan na ƙarshen kowa ya yi dariya sai ni da ban gane ba, sai daga baya ƙanina ya ce ai daga wasan kwamfuta na Mario Kart aka samo abin, a can ne ake jifan abokin tsere da ɓawon ayaba. Asalin kasuwar ma ke nan, kamfanin da ya yi fice a harkar MariCar yake suna, yana ba mutane hayar kayan Mario, jarumin wasan, su saka su zaga gari, sai Nintendo mai wasan ta maka shi a kotu a 2017. Kotun farko a 2018 ta ce ya biya yen miliyan 10, ya ɗaukaka ƙara, a 2020 kotun sama ta mayar da shi miliyan 50, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙararsa a ƙarshen shekarar. Shi ya sa yanzu za ka ga an manna wa wasu motocin rubutu ɓaro-ɓaro cewa ba su da wata alaƙa da Nintendo, kayan Marion kuma an daina bayarwa.

Kayan da ake bayarwa yanzu na dabbobi ne da na 'yan katun iri-iri, riga da wando a haɗe mai hula, an rataye su reras. Ba dole ba ne. Na tsaya ina kallonsu ina tunanin mutum da gemunsa da 'ya'yansa, na ce ni a bar ni da jaket ɗina. Jagoranmu, wani saurayi ɗan Japan mai jin Turanci sosai, ya kalli jaket ɗin ya ce in mun hau gada zan gode masa in na ɗora ɗaya a kai. Ƙanina ya ce "Yaya saka kawai, wa ya san ka a nan?" alhali wayarsa na hannunsa a shirye. Na ɗauki na damisa don shi ne mai ɗan mutunci a ciki. Kuma jagoran ya yi gaskiya.

Ga 'yan uwa masu son zuwa, wannan ba wurin babbar riga ko jallabiya ba ne, mata kuma doguwar abaya mai jan ƙasa ba za ta yi ba, sai wando da riga mai kauri, mayafi ko hijabi a cusa shi cikin jaket a zuge zif, saboda injin da tayoyin baya suna daf da bayanka kuma duk a buɗe suke. Takalmi ma sai rufaffe, silifas ko mai tsini ba sa bari.

Ita motar, zama ake yi a ƙasa-ƙasa ƙafa a miƙe, tsakaninka da kwalta bai fi tafin hannu da ɗan wani abu ba. Ba ƙofa, ba rufi, ba gilashin gaba. Ƙafar dama totur, ta hagu birki, ba kuloci ba canjin giya, wani ɗan ƙarfe ne a gefe na gaba da ribas. Siginar ba ta kashe kanta in ka gama shan kwana, sai ka tuna ka kashe, kuma duk tafiyar akwai wata mata a gabana da siginarta ta hagu ke ta ƙiftawa har Odaiba inda muka tsaya hutu. Injin bai wuce cc 50 ba, a wani rukuni na ƙananan motoci masu shuɗiyar lamba doka ta saka su, shi ya sa ake neman lasin mota ba na babur ba, kuma shi ya sa hular kwano ba dole ba ce, ko da yake suna da ita ga mai so. Akwai bel da abin jingina kai, waɗannan da sandar nan mai fitila duk daga baya hukuma ta tilasta su bayan an yi ta samun haɗurra, don direban babbar mota ya iya ganinka. Da aka tayar da su shida a cikin garejin nan ƙarar sak injin markaɗe, ga warin fetur, na ce ashe dai maƙwabta suna da gaskiyarsu.

Jagora ya koya mana alamomi da hannu. Yatsa ɗaya sama, a jeru ɗaya bayan ɗaya. Yatsa biyu, in an tsaya a danja a matso bibbiyu don kada layinmu ya yi tsawo ya tare wa mutane hanya. In danja ta raba mu kada wanda ya ce zai yi sauri ya tsallake, ka tsaya, za a jira ka a gaba, kuma akwai wani ma'aikacin a bayanmu. Japan hannun hagu suke bi irin na Ingila, ni wannan bai dame ni ba, amma wanda ya saba da Najeriya da ta koma hannun dama tun 1972 sai ya nutsu sosai wajen shan kwana, musamman kwanar dama da ake tsallaka hannun masu tahowa. Alamar tsayawarsu ma daban ce, ja ce mai kusurwa uku kanta a ƙasa, kuma in sun ce tsaya to tsayawa ce cak, taya ta daina juyawa, ba rage gudu ka leƙa ka wuce ba.

Minti biyar na farko wallahi ban ga gari ba, bayan motar gabana kawai nake kallo. Sitiyarin ƙarami ne mai tauri, ka ɗan taɓa shi ta juya, kuma motar ba ta da abin da ke shanye gargada, duk wani murfin kwalbati da duk wani layin fenti sai ka ji shi a ƙashin bayanka. A danjar farko ne bas ta zo ta tsaya a gefena, na waiga na ga tsakiyar tayarta daidai fuskata, ina jin ɗumin injinta a kumatuna, na ɗaga kai ban ma iya hango direban ba. Nan na karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da aka ba da hannu sai direban ya jira, bai motsa ba sai da mu shida da mai bin bayanmu muka wuce tsaf, sannan ya taso a hankali ya bar tazara mai yawa. Haka na yi ta gani har muka gama, masu tasi da masu motocin kaya suna ba mu wuri, ba wanda ya matse mu, ban ji an danna mana hon ko sau ɗaya ba. Ba wai don suna ƙaunarmu ba ne, fuskokin wasunsu sun nuna haka ƙarara, tuƙinsu ne dai haka. Kuma a ganina abin da ya riƙe wannan sana'a ke nan gaba ɗaya, don ita motar ba abin da za ta kare ka da shi, bel ɗin ma na rage zafi ne, haƙurin direban da ke bayanka shi ne katangarka. Na yi tunanin a ɗauko motocin nan shida a sauke su a shataletalen da na sani a gida da ƙarfe takwas na safe, sai na bar tunanin.

Daga Shibaura muka nufi gadar Rainbow, kuma nan ne kuɗina ya fita. Gadar hawa biyu ce, an buɗe ta a 1993, tsawonta mita 798. Sama babbar hanya ce ta biyan kuɗi wadda ba a yarda irin motarmu ta hau ba, mu ta ƙasa muke bi. Kafin ka kai kanta sai ka bi wata doguwar kwana da ta naɗe kamar zobe a saman ruwa tana hawa a hankali, injin yana ta kuka ƙafata na kan totur har ƙasa amma da ƙyar take ja, can sai hanya ta miƙe, jagora ya ɗaga hannu ya yi gaba, muka sake mata. Allurar ta haura 50, wanda a motar gida ba komai ba ne, amma kana zaune a kan kwalta iska na dukan fuskarka sai ka rantse ɗari kake yi. Sanyin teku ya ratsa kayan damisar da jaket ɗin da rigunan biyu, hawaye na zuba ta gefen ido, yatsuna sun ƙage a kan sitiyari, duk haɗin ƙarfen gadar da muka taka sai motar ta yi tsalle. A tsakiyar gadar layin jirgin Yurikamome ne, wanda ba shi da direba, ya zo ya jera da mu na ɗan lokaci, wani yaro a tagar gaba yana ta ɗaga mana hannu ni kuwa ba halin in saki sitiyari in rama. Ta cikin ragar ƙarfen gefe ina hango ruwa can ƙasa rana ta fara haska shi, da manyan ƙugiyoyin ɗaga kwantena na tashar jiragen ruwa. Na ji kaina ina ihu ni kaɗai, ba wanda ya ji saboda ƙarar inji.

A Odaiba muka faka muka huta kamar minti goma. Tsibiri ne da aka cike teku aka yi, asalinsa sansanonin igwa ne da aka gina a 1853 bayan jiragen yaƙin Amurka sun shigo, yanzu kuwa manyan kantuna ne da wuraren shaƙatawa, har da ƙaramin kwafin mutum-mutumin nan na New York mai riƙe da tocila. Duk a rufe suke a lokacin, sai masu gudun motsa jiki da wani dattijo yana kamun kifi. Ni abin da na nema shi ne injin sayar da abin sha, mai jan rubutu a ƙasa shi ne mai zafi, na ciro gwangwanin gahawa na riƙe da hannu biyu, ban ma sha ba sai da yatsuna suka dawo.

Dawowa ta gadar ta fi daɗi don na saki jiki, kuma garin ne gaba ɗaya a gabanka. Muka shiga ta wajen lambun Shiba, ga tsohon wurin bautar Zojoji da ƙatuwar jar ƙofarsa, hasumiyar Tokyo kuma a tsaye a bayansa. Mita 333 ce, tun 1958 take nan, fari da ruwan lemo aka yi mata saboda jiragen sama. Na taɓa ganinta daga jirgin ƙasa ban ji komai ba, amma daga inda nake zaune sai da na kwantar da kai baya sosai kafin in ga ƙarshenta. Jagoran ya san aikinsa, ya san danjar da ke daɗewa, da mun tsaya sai ya ja birkin hannu ya diro da gudu ya ɗauke mu hoto ɗaya bayan ɗaya ya koma kafin a ba da hannu.

A hanyar Roppongi danja ta raba mu, huɗu suka wuce, ni da wani mutumin Ostareliya muka tsaya. Titin wayam ba mota ko ɗaya ta kowane ɓangare, ga wata tsohuwa a bakin hanya ita ma a tsaye tana jiran nata hannun alhali ba abin da zai hana ta tsallakawa. Muka zauna muna kallon juna da ita har fitila ta canza. Muna shan kwana muka tarar da sauran a gefe suna jiranmu kamar yadda aka ce.

Shibuya ita ce ta ƙarshe, mahaɗar nan da ake tsayar da motoci ta ko'ina lokaci guda mutane su tsallaka ta kowace fuska. Da daddare ko da yamma ba masaka tsinke, mu kuwa da muka iso jama'a sun fara fitowa amma da sauƙi, manyan allunan talla na ta haske a sama, ga layi an fara yi a wurin mutum-mutumin karen nan Hachiko da ya yi kusan shekara goma yana zuwa tasha jiran maigidansa da ya mutu. Sa'a ta sa danja ta tsayar da mu a sahun gaba, mutane suka ratsa ta gabanmu, mu muna kallon gwiwoyinsu. A nan na lura da kashi biyu. Baƙi 'yan yawon buɗe ido su ne masu ɗaga waya suna ɗaukarmu suna dariya, 'yan gari kuwa yawancinsu ko kallo ba mu ishe su ba, wani mai kwat ma sai da ya toshe hanci da ya zo daidai bayan motata. Ban ji haushinsa ba. Ka fito da safe za ka harkarka ka tarar da ƙattai shida cikin kayan dabbobi suna tada hayaƙi a hanyarka, kuma ba yau kaɗai ba, kullum, sau da yawa a rana. Ƙanina ya ce ƙorafin da ake kai wa 'yan sanda a kan ƙara da masu ɗaukar hoto suna tuƙi ba kaɗan ba ne, shi ya sa wasu shagunan suka fara komawa masu aiki da batir. Da zan sake, irin waɗannan zan nema, kuma safiyar dai zan sake zaɓa, ko ba komai mutanen da za ka takura wa ba su da yawa.

Mun yi kusan awa biyu kafin mu koma gareji. Da na zo fitowa ƙafafuna suka ƙi, sai da na dafa sitiyari na miƙe a hankali, kafaɗu da ƙugu duk sun yi tsami, fuskata kuma da na shafa sai baƙin ƙura a tafin hannu. Mai ciwon baya kada ya soma, haka wanda lasin kawai gare shi amma bai saba tuƙi a cikin gari ba, don ba wanda zai taka maka birki. Ka zo da safar hannu da tabarau ko da na rana ne, su biyun nan sun fi kayan damisar amfani. Hotunan nan take jagoran ya tura mana a waya ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ba a ba da na goro a Japan, ko ka miƙa ba zai karɓa ba, godiya kawai muka yi masa ya rusuna muka rusuna.

Baturen nan na nan zaune a kan benci da jakar, shi da ƙanina har sun saba. Mun shirya daga nan za mu wuce masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, wanda Turkawa suka sake ginawa a 2000, mu yi azahar mu nemi abincin halal a shagon da ke wurin, amma ƙanina ya matso ya shinshina jaket ɗina ya ce "Yaya gaskiya sai ka yi wanka, duk fetur kake." Dole muka fara komawa masauki na canza kaya tukuna.